Abin da Na Binne a Tudun Dusa

Kafin in ɗora, bari in sallami yarinyar nan da ta rubuto a ƙarƙashin labarina tana tambaya, wai, "Baba, a shekarunka soyayya ce ko ciwon baya?" Duka biyun ne, 'yata, kuma kowanne a cikinsu ya fi ƙarfin saurayinki. Masu cewa kuma wani ke rubuta min, ku buɗe kunne: ban taɓa zama a bencin makaranta ba, a jikin motocin kamfani na koyi baƙaƙe, kuma da wannan yatsan mai kanta nake danna muku kowane harafi. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Ga sababbin zuwa, Ƙi-Mutu ake ce da ni. Shekara arba'in da ɗaya ina aiki a mahaƙar jan ƙarfe, sha biyar a cikin rami, sauran a bakin bel. Bel ita ce doguwar robar nan da ke tafe da dutse bayan inji ya farfasa shi. Mu muna tsaye a gefenta muna tsince na banza muna jefawa a kwaroro, don kada injin niƙa ya ɓata wuta da ruwa a kan abin da ba komai a cikinsa. Dutse mai jan ƙarfe muna ce masa tsaba, na banza kuma dusa. Mota ke kwashe dusar ta jibge a bayan ma'aikata, har ta zama tudu. Tudun Dusa. Kuma duk wanda ya san ni ya ji na faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba: babu tsaba ko ɗaya a tudun nan da ta wuce idona bisa kuskure. In na ɗaga dutse, hannuna ya gama karanta cikinsa kafin ido ya sauka a kai.

Sunan nan kuwa ba kyauta aka ba ni ba. Shekara ashirin da shida ke nan Rami Na Huɗu ya rufta da mu. Mu bakwai ne. Bayan kwana uku aka zaro ni da karyayyar ƙafa, ina zagin masu tonon saboda nawarsu. Sauran shidan ba wanda ya fito da rai. A cikinsu har da aminina, wanda ya bar mata da yaro ɗan shekara uku.

Matar nan ita ce Mai Keke. Tana da shago a bakin get, tana facin kayan aiki da safar hannu. Ta yi wani aure bayan aminina, bai yi ƙarko ba, ta dawo kan kekenta na ɗinki. Ni kuma mai ɗakina ta rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah Ya ji ƙanta. To, tun bara safar hannuna ta fara yagewa duk sati. Ba zan ɓoye muku ba, da ƙusa nake taimaka mata.

"Kai kaɗai dutse ke ci wa safa a ma'aikatar nan?" in ji Mai Keke.

"Ni kaɗai ke aiki a ma'aikatar nan," na ce.

Haka muka faro. Har magana ta kai ga manya, aka sa ranar aure wata biyu. Babbar 'yata, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata gare ta, ita ce ta tsaya a ƙofa ta ce ba ta san zance ba. Ranar da na gaya mata tana goge min riga ne a tsakar gida, ta dangwarar da dutsen guga.

"Baba, ba kishin mahaifiyata nake yi ba. Matar nan zuciyarta ɗaki ɗaya ce, kuma ɗanta ne kwance a ciki. Kai a baranda za ka kwana."

Na ce, "Uwata, mutumin da ya kwana a ƙarƙashin ƙasa baranda ce za ta ba shi tsoro?"

Ta ce, "Bakin nan naka dai."

Ɗan nata shi ne Injiniya. Da hannuna na koya masa tafiya a kan keke. Ya yi karatu ya dawo da tabarau, kuma shi kamfani ya ɗora a kan sabon injin da aka kawo gwaji. Bari in kwatanta muku abin, don ni na tsaya na kalle shi da kyau kamar yadda ake kallon abokin kokawa. Ana wanke dutse a baza shi ɗaiɗai a kan wata bel mai gudun tsiya. Ya ratsa ta ƙarƙashin wani akwati mai haske irin na asibiti da ke ganin ƙashi, sai dai shi cikin dutse yake gani. A ƙarshen bel duwatsun na faɗowa cikin iska, ga wasu 'yan bututu jere kamar haƙoran mataji. Duk dutsen da akwatin ya ce tsaba ne, sai bututu ya yi masa tsit da iska, ya tsallake wani faranti ya faɗa gefe guda. Dusa kuma ta zube ƙasa. Kafin ka ƙifta ido ya yanke wa dutse ɗari hukunci.

Amma wata biyu abin bai yi armashi ba. Dutsen ramin da ake haƙa yanzu jan ƙarfensa a warwatse yake, kamar an barbaɗa gishiri, injin sai ya yi ta kokwanto. Yau ya hura dusa, gobe ya saki tsaba. Aka fara raɗe-raɗin za a naɗe shi a mayar inda ya fito, shi kuma yaron a san yadda za a yi da shi. Ya rame, rigarsa ta koma rataye a kafaɗa. Na tausaya masa, Allah Ya sani, ko da yake duk sanda na wuce sai na ce wa injin, "Sannu da ƙoƙari, ƙanena."

Yanzu ku matso, ga inda na yanka kaina.

Wata Laraba bayan la'asar na je shagonta sanye da farar rigata mai aljihu biyu, na fesa turaren da Uwata ta ɓoye min a bayan madubi. Ita tana cikin wani gyale ruwan toka mai ɗigon fari, tef a wuya, allura biyu a bakinta. Na zauna a kan buhun ƙyallaye na fara ba ta labarin yadda na ɗaga taragon da ya danne wani mutum.

Ta zare alluran ta ce, "Na ji wannan sau tara. Bara mutum ɗaya ne a ƙarƙashin taragon, watan jiya biyu. In da gaske kake so na, gaya min wanda ba ka taɓa gaya wa kowa ba."

Jama'a, ni mai baki ne, amma akwai labari ɗaya da na daɗe da ɗaure wa baki. Ko mai ɗakina ta tafi ba ta ji shi ba. Na dubi matar nan, na ga idon da ya yi kukan aminina, sai na kwance.

Na ce mata bayan ƙafata ta warke aka sa ni a bakin bel, a wuri na farko, inda dutse ke fara isowa. A lokacin sun share Rami Na Huɗu sun ci gaba da haƙa kamar akuya ce ta mutu a ciki. Dutsen da ke zuwa kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, kore shar, wani da jijiya ruwan zinare kamar kaurin yatsa. Na ɗauki na farko, na ji nauyinsa, na ce a raina wannan shi ya danne ƙirjin mutum shida. Na jefa shi a kwaroron dusa. Wata bakwai ina haka. Duk wanda ya fi kyau, shi nake fara jefawa. Manajan wancan lokacin ya yi ta mamakin yadda ramin ya tsiyace, har suka rufe shi.

"A kusurwar gabas motoci ke juyewa a shekarar, gefen tsohon tankin ruwa," na ce mata. "Dutsen da ya ci mijinki yana nan kwance. Ba wanda ya sayar da shi, ba wanda ya ci riba da shi. Duk Juma'a in na ce miki zan zaga, can nake zuwa in yi musu addu'a."

Ta yi kuka har gyalen ya jiƙe. Ta ce, "Ashe akwai wanda bai manta ba." Da na isa gida na tarar da saƙon muryarta a waya, na saurare shi ya fi sau goma: "Ƙi-Mutu, yau na san wa zan aura. Maganar nan ta mutu a cikina."

Kwana goma sha biyu tsakani aka ce manyan kamfani za su zo ganin gwajin ƙarshe. Aka share fili, aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba. Mu masu tsinta aka ce mu tsaya a baya da kaya masu tsabta. Na zaɓi wuri mai kyau don in ga faɗuwar ƙanena da idona.

Sai Injiniya ya ɗauki lasifika ya ce yau ba da dutsen rami za a gwada ba. Za a nuna wa baƙi abin da injin zai iya cetowa daga abin da aka riga aka zubar. Na juya. Katafila ce tafe da cikakken baki, kuma daga gefen tsohon tanki ta fito.

Na miƙa wuya in gani da kyau. Aka wanke duwatsun, ƙasar shekara ashirin da shida ta sauka, kore ya fito. Na san su. Wallahi har akwai wani mai tsaga uku da na tuna ranar da na jefa shi. Aka kunna bel. Bututun nan da suka saba tsit, a jima, tsit, sai suka ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano. Gefen tsaba ya cika ya tumbatsa. Baƙi suka miƙe tsaye suna tafi, wani mai ƙaton ciki har da rungumar yaron.

Manaja ya waiwayo yana dariya, ya nemo ni da ido.

"Ina Baba Ƙi-Mutu? Baba, ba kai ke cewa ko tsaba ɗaya ba ta wuce ka ba? To wannan fa, daga sama ta faɗo?"

Fili ya ɗauki dariya. Dogo, wanda ni na koya masa riƙe dutse, ya ce, "A bar tsoho, ƙila a shekarar barci yake a tsaye!" Wani ya ce a haɗa min tabarau irin na Injiniya. Mutanen da suka yi shekaru suna kawo min dutse in raba musu gardama, su ne ke riƙe ciki.

Amsar tana kan harshena, zafi kamar garwashi. Sai na dubi yaron. Ya sunkuyar da kai yana goge tabarau da bakin riga, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Tudun nan ya fi unguwarmu faɗi. Ba ka zuwa kai tsaye gefen tanki sai an kama hannunka an kai ka. Na haɗiye maganar. Ku rubuta ku ajiye, ranar ce ta farko da aka yi min dariya ban rama ba.

Ban jira tashi ba, na miƙe shagonta. Tana ganina ta tsayar da keken. Ba ta tambaye ni lafiya ba, ni ma ban yi sallama mai tsawo ba.

"Ke ce?"

"Zauna mana."

"A tsaye na zo. Ke ce?"

Ta naɗe ƙyallen da ke cinyarta a hankali, ta ce, "Ni ce. Sati guda yaron nan bai ci abincin kirki ba. Ya zo ya zauna a inda kake zama ya ce, Umma, za su kore ni. Me kake so in yi? Ina riƙe da maganinsa a baki in bar shi ya mutu?"

"Kin ce maganar ta mutu a cikinki."

"Na faɗa, kuma a ranar gaskiya na faɗa. Amma dutsen nan na waye, Ƙi-Mutu? Uban wa ya danne? Kai ka fito kana tafiya da ƙafarka, kana ba da labari a kowace majalisa. Shi ko kamannin ubansa bai riƙe ba. In akwai mai haƙƙi a kan dutsen nan, ɗana ne."

Na ce, "Da kin tambaye ni."

"Da ka yarda?"

Ni da ita duk mun san amsar.

"Ka gani," ta ce. "Dariya ce kawai, za ta wuce. Kai namiji ne, ka ga abin da ya fi wannan. Ka rufa masa asiri, don zumuncin da ke tsakaninka da ubansa. Nan da sati shida mun zama gida ɗaya."

Dariya ce kawai. Ku ji fa. Ni ba ni da takarda rataye a bango, ba ni da ofis mai fanka. Abin da na mallaka a duniya shi ne in na ce dutse dusa ne, to dusa ne. Wannan ta ɗauka ta ɗinka wa ɗanta riga da shi, tana ce min dariya ce kawai.

A gida Uwata ta riga ta ji, don wani ya ɗauki hoton abin da waya ya baza. Na jira ta ce ta faɗa min. Ba ta ce ba. Ta ajiye min shayi ta zauna a bakin ƙofa tana cire min takalmi, abin da rabonta da shi tun tana yarinya. Wannan ya fi min zagi ciwo. Waya ta yi ƙara sau uku, duk saƙon Mai Keke. Na farko: "Ka isa lafiya?" Na biyu: "Don Allah ka yi tunani." Na uku: "Yaron ya ce Manaja zai kira ka gobe. Ka san abin da za ka ce."

Da hantsi kuwa aka kira ni. Ofishin Manaja sanyi kamar cikin randa, ga dutse mai tsaga ukun nan an wanke shi an ɗora a kan takardu kamar kayan ado. Ya ba ni kujera, har da ce min kada in riƙe wasan jiya a rai.

"Baba, ga inda muke," ya ce. "Manya sun ji daɗi. Suna so a kawo inji na biyu, a bi tudun nan gaba ɗaya daga farko har ƙarshe. Ku masu tsinta kuma za a duba inda za a sa ku. Kai ka fi kowa daɗewa. Abin da nake so kawai ka tabbatar min sauran tudun haka yake, ka dangwala yatsa a nan."

Ya turo min takarda da tawada. Na dubi yatsana. In na dangwala, na sa hannu cewa shekara ashirin da shida makaho ne ni. Kuma za su kwashe tudun nan kaf ba su sami abin cika faranti ba, ranar kuwa yaron ba kora kaɗai zai sha ba. In na ƙi, to sai na faɗi dalili.

Na ture takardar. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka aika katafila ta ɗebo daga wuri goma, duk inda ranka ya so, ban da gefen tanki. In injin nan ya hura abin da ya cika kwanon sha, ka sa a yanke hannun nan. Tudun nan dusa ne tsantsa. Idona bai taɓa kuskure ba. Abin da kuka gani jiya da sanina na zubar."

Na ba shi labarin Rami Na Huɗu tun daga farko. Ban rage ba, kuma a karon nan ban ƙara ba. Ina magana ina jin ƙirjina na buɗewa, sunana na dawowa jikina. Fuskarsa kuwa tana rufewa. Da na gama ya daɗe yana juya dutsen nan a hannu, sannan ya ɗago.

"To ya aka yi Injiniya ya san nan zai tona? Ya gaya min wuri ya zaɓa haka kawai. In ya san kusurwar daban take ya ɓoye min, ya sa na yi wa manya ƙarya, yau zai bar ma'aikatar nan, kuma ba inda zai sake taɓa inji."

Sai a lokacin na ga inda bakina ya kai ni. Na wanke kaina tas, na juye ruwan a kan ɗan aminina. Kuma kada ku ɗauka na yafe ne. Ban yafe ba, har yanzu da nake danna muku wannan ban yafe ba. Amma a cikin ramin nan, a kwana na farko, ubansa yana da sauran numfashi, kuma ba maganar jan ƙarfe ya yi min ba, maganar yaron nan ce.

Na ce, "Ni na nuna masa. Na ce masa ko'ina haka yake, ya fara ta nan don ya fi kusa da hanya. Yaro ne, ya yarda da tsoho. So na yi ku kwashe tudun ku sha kunya, ku da injinku."

"Ka san abin da kake faɗa, Baba? Ɓarna a da, yaudara a yanzu?"

"Na sani. Injin kuwa ku bar shi, bai yi ƙarya ba. Duk wanda na san tsaba ne shi ma ya ce tsaba ne. Ku ba yaron lokaci ya koya masa dutsen yanzu."

Ya danna ƙararrawa, mai gadi ya shigo. Aka karɓi katina, aka karɓi hular kwanon da ke kaina. Gidan kamfani kuma, in ji Manaja, in tashi zuwa ƙarshen wata. Na fito ta gaban bel, ba wanda ya yi dariya yau, don labari ya riga ni fita. Dogo ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu.

Hanyar fita ɗaya ce, kuma ta gaban shagonta ta bi. Tana tsaye a ƙofa tun kafin in iso, almakashi a hannu, da alama ta daɗe a wurin. Na rage tafiya. Ga ni tsakar rana a waje lokacin aiki, kaina a buɗe, furfura na shan rana, mai gadi na biye da ni. Na ce a raina, bari in ji abin da za ta fara tambaya. A kan wannan zan san ko akwai aure.

Ta matso har ina jin ƙamshin man keke a hannunta, ta rage murya.

"Ba ka ambaci sunansa ba, ko?"